Ko da Me Ka Zo An Fi Ka: Shigar Clapperton Birnin Kano, 1824

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma ba kullum ya ke korarsa nan take ba. Mutumin da ya yi wata da watanni bisa hanya ana ba shi labarin wani gari, ya kan isa ƙofar garin da wani gari dabam ginanne cikin zuciyarsa, sa'an nan ya ɗauki na zuci ya auna na ƙasa da shi. In na ƙasa ya gaza, sai ya ɗora wa garin laifi, alhali kuwa garin bai yi masa alkawarin kome ba. Saboda haka duk mai neman tarihin wani birni daga bakin baƙin da suka ziyarce shi, wajibi ne ya yi hattara da shafin da suka rubuta ran da suka sauka. Amma kada hattarar ta sa ya yar da shafin, don sau da yawa a nan ne baƙo ya kan faɗi magana mafi amfani, ba tare da ya san ya faɗa ba.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne labarin shigar Hugh Clapperton birnin Kano, ran Talata, 20 ga watan Janairu, 1824, watau cikin Jimada Lawwal na shekara ta 1239 daga Hijira, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Shi ne Bature na farko da ya ga Kano da idonsa, ya koma gida, aka buga labarin abin da ya gani cikin littafi. Tun daga 1826 da littafin ya fito, da wuya a sami mai rubuta tarihin Kano wanda bai ɗebi wani abu daga cikinsa ba. Mai son yabo ya kan tsallake ranar farko ya tafi kai tsaye wajen bayanin kasuwa. Mai son kushe kuwa a ranar farkon ya kan tsaya, ya ce ga shaida. A ganina dukansu biyu ba su karanta shafin nan yadda ya kamata ba.

Bari mu fara da mutumin. An haifi Clapperton a shekarar 1788, a wani ƙaramin gari da a ke kira Annan, a kudancin Sikotilan. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya zama sojan ruwa na Ingila, ya yi aiki a tekun Indiya da manyan tafkunan Kanada, har ya kai muƙamin laftanan. Da yaƙin Napoleon ya ƙare aka sallami hafsoshi da yawa bisa rabin albashi, har da shi. Yana zaman kashe wando ke nan a gida sai ya sadu da wani likita, Walter Oudney, wanda Gwamnatin Ingila ta ke shirin aikawa Barno ta hanyar hamada. Aka haɗa su da Manjo Dixon Denham, suka zama su uku. Babban abin da a ke so su gano shi ne inda kogin Kwara ya ke zuba, don Mungo Park ya ga kogin tun 1796, amma ya halaka a Busa bai kai ƙarshensa ba.

Suka tashi daga Tarabulus a farkon 1822, suka daɗe a Murzuk ta ƙasar Fazzan, sa'an nan suka ƙetare hamada ta Bilma, suka isa Kukawa cikin Fabrairu, 1823. Yadda aka tarye su a nan yana da muhimmanci ga abin da za mu gani nan gaba. Shehu Muhammadu Laminu, watau Alkanemi, ya fito musu da dubban mahaya, waɗansu sanye da sulke, suka jeru sahu sahu, suka yi ta yi musu jafi har suka kai su ƙofar gari. Suka zauna Barno wata goma, duk inda suka sa ƙafa mutane na taruwa kallonsu.

Cikin Disamba, 1823, Clapperton da Oudney suka bar Denham a Barno, suka bi ayarin fataken Larabawa zuwa ƙasar Hausa. A Katagum ma aka fito da dawaki da kaɗe-kaɗe aka tarye su. Sarkin Katagum Ɗan Kauwa ya girmama su ƙwarai, har Clapperton ya gwada masa harbin bindiga, ya sami bara daga nesa, Sarki ya yi mamaki ya yafa masa riga. Amma Oudney ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji. Ba su yi nisa da Katagum ba, a wani ƙauye da Clapperton ya rubuta sunansa Murmur, ya cika, ran 12 ga Janairu. Clapperton ya binne shi, ya sa aka kewaye kabarin da ginin ƙasa don kada namun daji su tone, ya ci gaba da tafiya ba Bature ko ɗaya tare da shi. Kwana takwas bayan wannan ya tsaya a ƙofar Kano.

To, mai karatu ya dubi kayan da mutumin nan ya ɗauko a ka. Abokinsa ya mutu a hannunsa. Shi kansa ba shi da cikakkiyar lafiya. Ya saba duk babban garin da ya shiga a tarye shi da ganguna. Tun daga Fazzan kuma Larabawan ayari suna cika masa kunne da labarin Kano, girmanta da arzikinta. Ba ƙarya suka yi masa ba, sai dai abin da falke ya ke nufi in ya ce gari babba ne dabam ya ke da abin da ɗan Sikotilan ya ke ji. Falke yana nufin inda kaya ba su kwantai, inda za ka sauke raƙumi ɗari yau, jibi ka fara neman na komawa. Clapperton kuwa ya ji an ce babban birni, sai zuciyarsa ta gina masa dogayen benaye na dutse da tituna miƙaƙƙu.

Da gari ya waye ya fito da kayansa na hafsan jirgin ruwa, waɗanda ya sha wahalar ɗaukowa tun daga bakin teku, ya sa, ya gyara jikinsa iyakar yadda hali ya yi. Wajen ƙarfe 11 na safe ya shiga. Shi da kansa ya ba da labari, bai kuwa ɓoye kome ba, cewa yana wuce ƙofa gwiwarsa ta yi sanyi. Abu uku ya lissafa. Ya tarar gidaje ba su fara ba sai an yi tafiyar kusan rubu'in mil daga ganuwa. Ya ga gidajen a wurare da yawa rukuni rukuni su ke, da manyan kududdufai na ruwa kwantacce a tsakaninsu. Na uku, wanda bisa ga alama shi ya fi ci masa rai, ko mutum ɗaya bai waiwayo ya dube shi ba. Kowa na ta sha'aninsa, ya wuce su kamar ba a yi shi ba, har ya ce da ya sani da bai wahalar da kansa da ado ba.

Mu ɗauke su ɗaya ɗaya, don cikin kowanne abin da ya gani gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce ta kauce.

Filin da ke tsakanin ganuwa da gidaje ba alamar garin ya gaza cika ba ne. Da gangan aka bar shi. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, wajen ƙarni na goma sha biyu, aka ƙara faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa cikin ƙarni na goma sha biyar, aka sake ƙarawa zamanin Muhammadu Nazaki cikin na goma sha bakwai. Waɗanda suka yi wannan aiki sun san abin da a ke kira kewaye gari da yaƙi. In abokan gaba suka zo, mutanen ƙauyuka na kusa su kan kwaso iyali da dabbobi su shigo birni, dole a sami inda za a zuba su, dole kuma a sami gonar da za a noma in zaman ya yi tsawo. Ganuwar da ta matse gidaje kamar ɗamara ba ta ceton kowa daga yunwa. Daga baya Clapperton ya lura da kansa cewa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na cikin ganuwa ke da gidaje ba, saura gonaki ne da lambuna. Amma ranar farko cikin Janairu ya shigo, tsakiyar hunturu, an daɗe da girbe dawa da gero, ba abin da ya rage sai kututturen kara da ƙura. Wanda bai taɓa ganin wurin da damina ba, ina zai san gona ce ya ke ratsawa?

Kududdufai kuwa, duk wanda ya taɓa zama a garin ginin ƙasa ya san asalinsu. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi tubali, kowane rami shaidar gidajen da suka fito daga cikinsa ne. Ban da su kuma ga Jakara, wadda Clapperton ya ce ta kusa raba garin biyu daga gabas zuwa yamma. A nan ba zan kare Kano ba. Ruwan nan kwantacce, da ƙazantar da a ke zubawa ciki, sun yi ta cin mutane, baƙi da 'yan gari, kuma shi kansa ya sha masassara a zamansa. Mutanen zamaninsa suna zaton mugun tururin da ke tashi daga fadama shi ke kawo zazzaɓi, sai a 1897 aka tabbatar sauro ne ke ɗauke da cutar. Sun yi kuskuren dalili, amma ba su yi kuskuren wurin ba.

Akwai kuma wani abin da bai lissafa ba, wanda na ke zaton ya ƙara masa sanyin gwiwa. Gidan Bature fuskarsa ya ke nuna wa hanya, da tagoginsa da adonsa, don mai wucewa ya san darajar mai shi. Gidan Bahaushe kuwa baya ya ke juya wa hanya. Abin da baƙo zai gani daga waje katanga ce ja da ƙofar zaure, ko gidan attajiri ne ko na mai ƙaramin ƙarfi bambancin kaɗan ne ga idon da bai saba ba. Dukiyar tana ciki, inda ba a shiga sai da sallama.

Sai na uku, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Me ya hana mutanen Kano kallonsa? Ga mutum dogo, ja, cikin tufafin da ba a taɓa ganin irinsu a garin ba. A ƙauye da yara sun bi shi har masauki. Amsar ita ce Kano ta riga ta ƙoshi da baƙi. Larabawan Gadamas da na Tarabulus da na Fazzan suna da gidaje a cikinta, waɗansu sun yi aure sun hayayyafa. Azbinawa na shigowa da gishirin Bilma da rani, fuska a rufe. Ga Barebari da kanwa, ga Nufawa, ga fataken Gwanja da goro. Watan Janairu kuwa shi ne lokacin da ayari ke bin ayari. Mutumin da ke sauri ya kai turkuɗi wurin dillali kafin rana ta take, in ya ga wani jan mutum ya shigo cikin ayarin Barno, me zai ce? Wani Balarabe ne da irin tasa rigar. Ya wuce abinsa.

Wannan shaida ta fi yabo ƙarfi, domin ba da nufin yabo aka ba da ita ba. Da Clapperton ya ce Kano babban gari ne mai yawan baƙi, sai mu ce kowane matafiyi haka ya kan ce don ya ƙara wa tafiyarsa daraja. Amma mutum ba ya ƙaga labarin da zai sa a yi masa dariya. Ƙaramin gari shi ke barin aikinsa ya fito kallon baƙo. Wanda ya taɓa sauka wani babban birni na duniya ya tsaya da jakarsa bakin hanya, dubban mutane na wucewa ba mai ce masa sannu, ya san abin da Clapperton ya ji, ya kuma san ba a ƙauye a ke jinsa ba. Kirarin Kano da kowa ya sani, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, ban san wanda ya fassara shi a aikace kamar wannan laftanan da rigarsa mai anini ba.

Rashin taryar fada kuwa yana da nasa dalili. Sarki ba ya gari. Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta a 1819, bayan Sulaimanu, ya kuwa tarar ƙasar Kano ta ɗauki tawaye ko'ina, ya shafe shekarunsa na farko bisa doki. Sa'ad da Clapperton ya zo, Sarki na sansani bayan gari, ana shirin fita yaƙi da Ɗan Tunku na wajen Dambatta. Don haka baƙon ya wuce gidan Alhaji Hat Salah, wani attajiri wanda Shehun Barno ya ba shi takarda zuwa gare shi, shi ya zama mai masaukinsa kuma wakilinsa. Sai daga baya aka kai shi sansani ya gai da Sarki ya miƙa gaisuwarsa.

Ya zauna Kano wata ɗaya da 'yan kwanaki, kuma abin sha'awa ne mutum ya bi littafin ya ga yadda garin ya yi ta girma a idonsa. Ya kewaya ganuwa, ya ce da'irarta wajen mil 15 ce, tsayinta ƙafa 30, da gwalalo ciki da waje, da ƙofofi 15 na katako da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗewa da hantsin fari ana rufewa da faɗuwar rana. Ya ƙiyasta mazauna garin tsakanin 30,000 da 40,000, ban da baƙin da ke cika shi da rani. Ya ga marina, ya ga yadda a ke bugun shuni har tufa ta yi ƙyalli. Ya ga unguwar makafi. Har ya biya kuɗi mahauta suka yi masa dambe a ƙofar masaukinsa.

Amma kasuwar Kurmi ce ta kama shi. A nan ya fi daɗewa, a nan kuma muryarsa ta sake ɗungum. Ya ce Sarkin Kasuwa ke ba da hayar rumfuna wata wata, kowace sana'a da layinta. Ya yaba kuɗin wuri, don ba mai iya yin jabunsa, ga shi kuma yana sayen abu kome ƙanƙantarsa. Ya lura mai sayarwa ya kan mayar wa mai saye biyu cikin ɗari na kuɗin da sunan albarka. Ya ga makaɗa na zagawa suna jawo masu saye zuwa rumfar wanda ya ɗauke su. Ya ce mahautan Kano ba su bar wa na Ingila wayo ba, har gashin tunkiya su kan liƙa wa cinyar akuya. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne amanar cinikin tufafi. In aka sayi riga ko turkuɗi a naɗe, aka kai har Barno, aka kwance aka tarar da aibi, sai a komo da shi, don sunan dillalin na rubuce a ciki, shi kuwa dole ya nemo mai kayan a mayar da kuɗi. Tafiyar Kano zuwa Kukawa ta fi wata guda ga ayari, shi kansa shaida ne. Ciniki irin wannan ba ya tsayuwa sai inda akwai shari'a mai ƙarfi da mutanen da ke tsoron ɓata sunansu.

A cikin kasuwar nan ne ya sayi laima koriya ta auduga, ƙirar Ingila, a kan riyal uku na azurfa, ta biyo ta Gadamas ta ƙetaro hamada. Ya yi shekara biyu yana wahala don ya zama ɗan ƙasarsu na farko da ya ga Kano, ashe kayan ƙasarsu sun riga shi isowa, suna rumfa ana tayawa.

Akwai abin da ya gani wanda masu yabon ba su cika son maimaitawa ba, bai kuwa kamata a tsallake shi ba. Ya ce fiye da rabin mazauna birnin bayi ne. Ya ga dogayen rumfuna biyu a kasuwa, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, an jera su an yi musu ado, mai saye na duba haƙora da idanu da gaɓoɓi. Ƙiyasin rabin nan na ido ne, ba ƙidaya ba ce, ana iya gardama a kansa. Rumfunan kuwa ba gardama. Wanda ya karɓi shaidar Clapperton a kan amanar dillalai, ba shi da hanyar ƙin ta a kan wannan, don ido ɗaya ne ya ga duka, a kasuwa ɗaya.

Yana da kyau a gwama labarinsa da na wanda ya biyo bayansa, don a ga yadda halin da baƙo ya shigo da shi ke rina abin da ya gani. Shekara 27 bayan haka, ran Lahadi 2 ga Fabrairu, 1851, Heinrich Barth, Bajamushen Hambug wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya shigo Kano daga arewa, ta Azbin da Damargu da Katsina, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Shi ma ya ce sunan Kano ya fi shekara yana yi masa amo a kunne. Amma ya riga ya karanta Clapperton, saboda haka fili da kududdufi ba su ba shi mamaki ba. Da yamma ya iso, ya yi wajen minti 40 daga ƙofa zuwa unguwar Dala, duhu ya rufa kafin a buɗe masa masauki. Wakilinsa kuwa, wani mai suna Bawu, ɗan Alhaji Hat Salah ne, mai masaukin Clapperton.

Damuwar Barth ta aljihu ce. Ya shigo da bashin wuri fiye da 112,000 a wuyansa, kayan da ya dogara da su ba su da kasuwa, masu bin bashi na sintiri, ɗakin da aka ba shi duhu, zazzaɓi kuma ya kwantar da shi. Kwanakinsa na farko duk ƙorafi ne. Sai ran da ya sami ƙarfi ya hau doki zuwa fada, garin ya buɗe masa. Ya ce mai tafiya a ƙasa ba ya ganin gari irin wannan, amma daga kan sirdi ana hango cikin gidaje ta bisa katanga. Ban ce masu gidajen sun gode masa ba, amma ta haka ya ga abin da ya ɓoyu ga Clapperton ranar farko: mata na daka da kaɗi a tsakar gida mai tsabta, marina na aiki, maƙeri na bisa uwar maƙera, ayarin goro na shigowa, na kanwa na fita. Ya ji Hausa gwargwado, ya zauna ya bi cinikin da lissafi. Ya ce mazauna 30,000 ne, amma daga Janairu zuwa Afrilu su kan kai 60,000. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da wuri 2,500 ke riyal guda, suna zuwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Bayin da a ke fitarwa ya ce wajen 5,000 ne a shekara. Ya kuma yaba cewa saƙa da rini a cikin gidaje a ke yinsu, mutum na tare da iyalinsa, ba kamar manyan masaƙun Turai da ke mai da ma'aikaci abin tausayi ba.

Ga mai tarihi, dacewar ƙiyasin mutanen nan biyu abin lura ne, ko da ya ke ba za a ɗauke su shaidu biyu masu zaman kansu ba, tun da na biyun ya karanta na farkon. Awon ganuwa ma haka. Turawan da suka ci Kano a Fabrairu, 1903, mil 11 suka ba da, da ƙofofi 13. Abin da baƙo ya auna da tafiyar doki da agogo, a riƙe shi da sassauci. Yau ma da yawan ganuwar ya zube, gidaje sun cinye gonakin da Clapperton ya ratsa, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, dole da irin waɗannan ƙiyasce-ƙiyasce za a yi aiki, sai a san nauyin kowanne.

Ba Clapperton kaɗai irin wannan sanyin gwiwa ya taɓa samu ba. René Caillié, Bafaranshen da ya shiga Tambutu a 1828 bayan Turai ta yi ƙarnuka tana mafarkin birnin zinariya, shi ma gidajen ƙasa ya tarar cikin rairayi, ya ce ba abin da ya zata ke nan ba. Bambancin shi ne Tambutu a lokacin ta riga ta wuce ganiyarta, Kano kuwa hawa ta ke yi. Jihadi ya raunana cinikin Katsina, fatake na ta juyowa kudu, kuma mulkin Dabo, wanda ya kai har 1846, shi ya kwantar da ƙasar har kasuwa ta ci gaba da cika. Clapperton ya iso daidai farkon wannan, ya ga alamarsa a fuskokin mutanen da ba su da lokacin kallonsa, sai dai a ranar bai san abin da ya ke gani ba.

Ya bar Kano ran 23 ga Fabrairu, 1824, ya isa Sakkwato tsakiyar Maris, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Waziri Giɗaɗo suka karɓe shi da girmamawa. Bai sami izinin wucewa zuwa Kwara ba, ya komo ta Kano da Barno, ya isa Ingila a 1825. Kafin shekarar ta ƙare ya sake fitowa, wannan karon ta bakin teku, daga Badagiri ya bi ta ƙasar Yarabawa da Busa da Zariya, ya shiga Kano cikin Yuli, 1826, da damina, gonakin cikin ganuwa sun yi kore. Ya tarar yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, hanyar gabas ta toshe, Larabawan da suka cika masa kunne da arzikin Kano suna zaune suna kukan rashin ciniki. Ya bar baransa Richard Lander da kaya a garin, ya wuce Sakkwato, daga baya Lander ya same shi can. Takardar da ya ɗauko zuwa ga Shehun Barno ta jawo masa zargi, aka karɓe ta tare da kyautar da ke tare da ita. Ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu, 1827, yana da shekara 38. Lander ne ya binne shi, ya kwashe takardunsa, ya biyo da su ta Kano zuwa bakin teku.